Buhu Tara na Yaya Hajo

Kuɗin motar da ya kai ni Kwatano ba nawa ba ne, na ragon Yaya Hajo ne. Ku riƙe wannan tun yanzu, don in na ɓace a tsakiyar zance, kamar yadda na saba kwanakin nan, ku maido ni wurin ragon. Kai Laminu ka san ta, kakarka ce, ka sha furarta. Kai Sani ba ka riske ta da wayo ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara shida ko bakwai. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya huɗu da gona ɗaya ta jigawa a bayan Cadawa.

Shekarar da nake faɗa muku, ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai. Ni kuwa ban iya komai ba sai karatu da karantarwa, kuma a wannan kakar ko dami ɗaya ba wanda ya aiko gidan malam, ba don rowa ba, babu ne. Na zauna ina jan casbi ina kallon iyali. Ran kasuwa Yaya ta ja ragon da take kiwo don Layya, ta sayar, ta zo ta zube mini kuɗin a kan buzu.

"Tashi ka tafi ci-rani kamar kowa."

Na ce, "Yaya, ni da furfura?"

"Furfurar ta hana ka cin tuwo jiya? Ka sauka wurin Alhaji Nomau. Kuma ka buɗe idonka, kai da ka yi lakol."

Lakol ɗin da take faɗa shekara huɗu ne na yi a Agye kafin mahaifinmu ya fidda ni ya kai ni karatun allo. Faransancin da na tsira da shi ba ya cika ƙoƙo. Amma a gidanmu ni ne mai boko.

Hanyar ba sai na ja muku ba, za ku gan ta da idonku. Maraɗi, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, a ƙetare gulbi a faɗa Malanbil, daga nan a yi ta gangarawa har itatuwa su daina zama irin waɗanda ka sani. Akwai wani gari da muka tsaya na ci doya da wani jan mai, cikina ya yi mini tawaye kwana biyu. Sunan garin ya tafi. Ba komai.

Alhaji Nomau mutumin Gangara ne, ya fi shekara talatin a Kwatano. Fatoma ne, wato mai masaukin baƙi da kayansu. Yana da mangaza babba ta kwano kusa da zango, inda yake tara aya da wake da albasa. Kashi ɗaya cikin uku ne nasa. Sauran duk na mutanenmu ne, daga Cadawa, Gazawa, Gangara, har da na wajen Tibiri. Mutum ya ɗora buhunansa a kamiyo, babbar motar kaya, ya aika, Alhaji ya ajiye sai kasuwa ta yi kyau ya sayar, ya cire la'adarsa, ya aiko da saura. Ba takarda, ba suna a jikin buhu. Kowa da alamarsa: wannan ya ɗiga shuni, wancan ya ɗaura tsumma, wani ya zana ƙafar kaza da gawayi. Alhaji kaɗai ya san alamar wa da wa, a cikin kansa. Kuma ko wuƙa ka sa masa ba zai gaya maka ba. Dalili kuwa kun san shi. Akwai wanda in danginsa suka ji ya aika da buhu ashirin, kafin mako su cika masa zaure. Akwai matar da ba ta son a san abin da ta tara. Wannan rufin asirin shi ne jarin Alhaji, ya fi mangazar kanta daraja.

Wata biyu na kwana a zaurensa, sannan na kama ɗaki a gidan wata mata mai sayar da kifi, kowa Mama yake ce mata. Wannan mata ta sha mini kai a kan ruwa. Garin da ruwa ke kwance ko'ina, a ƙofar gida, a kan hanya, har cikin ɗaki in an yi sama, amma butata ta tsone mata ido.

"Malam, sau nawa kake wanke ƙafa a yini?"

"Sau biyar, Mama."

"Ƙafar nan ina take zuwa?"

"Masallaci."

"To masallacin ba shi da famfo?"

Hausarta kamar ana tauna tsakuwa, amma ba ta taɓa rasa ta faɗa ba. Da na yi zazzaɓi kuwa ita ta dafa mini romo. Allah ya saka mata. Ina na tsaya? Ragon... a'a, mun wuce ragon. Patoro.

Wata rana ina zaune a mangaza ina duba wani littafi, sai ga wani mutum da kwat da jaka, gumi na tsiyaya har cikin takalminsa. Shi da Alhaji suka yi ta fama, wannan na Faransanci, wancan na Hausa, kowa na ɗaga murya kamar ƙarfin murya ne zai fassara. Na sa baki na daidaita su. Kafin ya fita ya ce in zo buro, wato ofishinsu, gobe. Sunansa na riƙe shi shekara da shekaru, yanzu ya sulale. Patoro muke ce masa, maigida ke nan a bakinsu, ku ma ku ce Patoro.

Sana'arsa ita ce asiransi. Ran da na fara jin kalmar na ɗauka wani asiri ne ake binnewa a ƙofar shago. 'Yan uwanmu na Najeriya inshora suke cewa. Abin da take nufi shi ne, ka riƙa biyan kamfani wani abu duk shekara, in wuta ta ci dukiyarka su biya ka. Malamai sun saɓa a kanta, ni ma na daɗe ina juya ta a raina, kuma ba ita ce mas'alarmu ta yau ba. Abin da na sani, mai ginin mangaza ba ya ba ɗan kasuwa haya sai ya ga takardar, don haka kowa ke yi, yana so ko ba ya so.

Aikina tafinta. Patoro yana da 'yan kasuwa Hausawa da yawa a hannunsa, kiliya yake ce musu, kamar sunan wata cuta. Babban aikinmu kuwa da kaka ne. A nan gida ana yankan gero sama ta bushe, can kuwa lokacin ne wani ruwan yake dawowa, ka rasa wace irin ƙasa ce wannan. To a lokacin ne kamiyoyi ke sauka daga arewa, mangazu su cika har rufi, kuma a lokacin ne takardun yawancin mutanenmu ke ƙarewa. Sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya a sake duba takarda a sabunta. Rebizyo, in ji Patoro. Na yi mako ina cewa rabin ciyo.

Ranar farko ya zaunar da ni a buro, ƙarƙashin wata na'ura mai huro sanyi har haƙorana na kaɗawa, ya karantar da ni kamar ɗalibi. Ya ce tambaya huɗu ake yi wa kowane ɗan kasuwa. Kayanka sun ƙaru a kan na bara? Ka sauya wuri? Ka sa sabon inji ko sabuwar wayar kuran, wato lantarki? Ta huɗu, akwai kayan wasu a wurinka? Ya buɗe takarda ya nuna mini shafi na musamman don wannan ta huɗun, inda ake rubuta sunan mai kaya da yawan kayansa. Ya ce in ba a cika shafin nan ba, aka yi gobara, kamfani ba ya biyan ko ƙwaya ɗaya ta kayan wani. Wallahi na ji daɗin darasin. Na ce a raina, ashe mutanen nan sun san amana.

Sai muka fita aiki.

In mun je wurin manyan, masu shagon gilashi da mai gadi a ƙofa, Patoro ya zauna ya harɗe, a kawo masa lemo mai sanyi, ya yi tambaya huɗun nan har ya ƙara ta biyar da ta shida. Ya zagaya da ƙafarsa, ya leƙa bayan kanta, ya taɓa waya. Awa biyu. In mun iso zango kuwa, ko injin babur ba ya kashewa. Ya miƙa takarda daga ƙofa.

"Malam, ce masa kamar bara. Ya sinye nan."

Sinye ita ce sa hannu. Mutanenmu su dangwala yatsa ko su ja wani layi kamar sawun tsutsa, su biya, mu wuce. Mutum goma sha biyar kafin azahar. Na taɓa tambayarsa, "Patoro, tambayoyin nan huɗu fa?"

Ya ce, "Mutanenka ba sa son tambaya. In ka tambaye su kuɗi ya ƙaru, in kuɗi ya ƙaru su gudu wurin wani. Kana son albashi ko kana son wa'azi?"

Ku ji fa. Kuɗinsu ɗaya ne da na mai shagon gilashi, ba a taɓa cewa jikar Bahaushe ta fi ta wani sauƙi ba. Amma shi a ba shi awa biyu, mu a ba mu hayaƙin babur. Na yi shiru dai. Kaka ta farko na yi shiru, ta biyu na yi shiru. Ina aika wa iyali abin da ya samu, ina gaya wa kaina ni baki ne kawai, ba ni ne mai magana ba.

Kaka ta uku ce ta zo da buhunan Yaya Hajo.

Ku da kuka tashi a nan ba sai an gaya muku wahalar aya ba. A ƙone ganyen, a kafce ƙasa, a durƙusa a yi ta tankaɗe rairayi da rariya, ƙura ta shiga ido ta shiga ƙirji, mutum ya yini bai cika kwano biyar ba. Yaya da 'ya'yanta mata suka yi wannan shekara biyu, ba ta sayar da ta bara ba, ta haɗa da ta bana, buhu tara. Burinta ɗaya ne, amalanke da sa. Tun rasuwar mijinta a ka take kai taki gona, a ka take kawo kara, wuyanta har ya fara karkacewa. Ta ce in ta samu amalanke, babban ɗanta, mahaifinka ke nan Laminu, zai riƙa dako ran kasuwa, gidan ya tsaya da ƙafarsa.

Ina mangaza aka sauke su. Ba wanda ya gaya mini nata ne. Na ga jan zare, ɗinki uku a kunnen kowane buhu. Haka mahaifiyarmu take yi wa tsummokaranmu muna yara don kada su ɓace a wurin wanki. Na duba Alhaji, ya duba ni, ya kau da kai. Ni ma na kau.

Bayan kwana kaɗan layi ya zo kan Alhaji Nomau. Patoro ya tsaya a ƙofa kamar kullum.

"Kamar bara. Ya sinye."

Wannan karon ban fassara ba. Na ce, "Alhaji, akwai shafin da ba a taɓa karanta maka ba." Na gaya masa duka, da Hausa, a hankali. Na ce takardar nan kayanka kaɗai ta sani. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kayan mutane ba su ciki, sai an rubuta sunayensu a nan.

Alhaji ya ajiye goron da zai kai baki.

"Sunayen wa?"

"Masu ajiya."

"In ba wannan mai kwat ɗin sunan mutanen da suka ba ni amana? Ya kai buro, magatakarda ya gani, mai shara ya gani? Malam, kai ne ka karanta littattafai. A wane babi ka ga an yi haka?"

"Alhaji, ba tonon asiri ba ne, kariya ce."

"Shekara talatin ina wannan aiki, ko matata ba ta san buhun wa ke ƙarƙashin na wa ba. Yau sai baƙo? Kuma mi ya kawo zancen wuta da safiyar nan? Ka ce alheri mana."

Patoro yana ta duba agogo. "Me yake cewa? Me ya sa zancen ya yi tsawo?"

Na gaya masa. Na ce kashi biyu cikin uku na kayan nan na wasu ne, kai ma kana gani, ka sauko ka yi masa bayani da bakinka, wataƙila akwai wata hanya. Ya leƙa ciki daga kan babur. Ya ga buhunan, ya ga shuni da tsumma da ƙafar kaza, ba makaho ba ne. Ya ɗaga kafaɗa.

"Tambaye shi sau ɗaya. Kayan da ke ciki nasa ne?"

Na tambaya. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Gaya mashi duk abin da ke ƙarƙashin rufin nan, ni ne mai shi."

Na san abin da yake nufi, cewa shi ke ɗauke da nauyinsu. Patoro ma ya sani. Ya rubuta, Alhaji ya ja sawun tsutsarsa, muka wuce wurin mai albasa.

Yanzu ga wurin da nake so ku kasa kunne, don nan ne nawa laifin. A cikin makon nan na kira gida. Lokacin salula ba ta yawaita ba, akwai mai shago ɗaya a bakin tasha da ake kira, ya aika a kirawo mutum. Aka kirawo Yaya. Na tambaye ta lafiya, na tambayi yara, na tambayi ko akuyar nan mai tabo ta haihu. Ta ce ta haifi biyu. Muka yi dariya. Zancen takarda kuwa ban ɗaga shi ba. Na ce a raina, in na ɗaga, ta san na gane buhunanta, na shiga tsakaninta da Alhaji, na keta abin da ba a ketawa. Na ce a gaida kowa. Na ajiye waya.

Wutar ta tashi da rana tsaka, bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi. Daga shagon mai walda ta faro, in ji wasu, wasu suka ce wayar kuran ce. Ina buro aka zo aka faɗa. Kafin in isa rufin ya zauna. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma aya tana da mai, in ta kama ba ta jin ruwa. Unguwar duka ta yi ƙamshi kamar ana suya, mutane suna wucewa suna haɗiyar yawu, Alhaji yana zaune a kan wani dutse ba hula. Ban taɓa ganin kansa ba sai ran nan.

Bayan kwana uku kamfani ya aiko da nasa mutumin, ekisfer suke ce masa, mai binciken ɓarna. Siriri ne, mai tabarau, ba ya gaggawa ko kaɗan. Kun ga abin? Ranar karɓar kuɗi babur ba ya mutuwa, ranar biya kuwa an samu mai haƙuri. Ya yini yana tona toka da sanda. Gefen da ruwan masu kashe gobara ya fi samu, bakunan buhuna sun tsira. Ya tattara su ya jera a ƙasa, shuni a nan, tsumma a nan, gawayi a nan. Ya ɗauko guda ya miƙo mini. Kunnen buhu ne, rabi ya ƙone, ɗinki uku na jan zare suna nan kamar jiya aka yi su.

Ya ce, "An ce kai malamin addini ne, ba ka ƙarya. Ni na san wannan aikin, na san abin da alamun nan suke nufi. Ina son in ji daga bakinka. Kayan nan duk na Alhaji ne?"

Patoro yana gefe yana kallon takalminsa. Alhaji yana kallona. Ni ina kallon zaren.

Da na ce e, wataƙila da an biya, wataƙila da ba a biya ba, Allah ne masani. Amma ban iya ba. Mutumin da ya kasa faɗin gaskiya a lokacin da za ta yi amfani, sai ga shi ya faɗe ta a lokacin da za ta yi ɓarna. Na ce, "Ba duka ba ne."

Ya rubuta. Alƙalaminsa ko ƙara bai yi ba.

Kamfani ya biya Alhaji abin da bai wuce rubu'in nasa kason ba, bayan an ja shi wata huɗu ana cewa ya faɗi abin da ba haka ba. Na mutane kuwa ko dala. Ran da takardar ta fito na shiga wurin Patoro ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

"Kai ka koya mini tambaya huɗu a kujerar nan."

"Na yi tambayar. Ya amsa. Kai ka fassara."

"Ka ga buhunan da idonka!"

"Ni abin da aka faɗa nake rubutawa, ba abin da na gani ba."

"A shagon gilashi fa? Can ba ka leƙa bayan kanta ba? Minti goma, Patoro. Da ka kashe babur ka zauna a tabarmar dattijon nan minti goma, ka sha ruwansa, ka nemi hanyar da zai yarda."

Ya ce, "Malam, kai fa? Kai da kake jin harshensu, kake cin tuwonsu, me ka yi?"

Wannan ce kaɗai gaskiyar da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ita ta fi ƙona ni. Na ajiye masa jakarsa da nake riƙe masa a kan tebur na fita.

Alhaji Nomau bai yi mini faɗa ba. Ya fi mini sauƙi da ya yi. Na gaya masa abin da littafi ya ce, cewa amanar da ta halaka ba da sakacin mai riƙo ba, babu ramuwa a kansa. Ya ce, "Na sani, Malam. Littafi ya yafe mani. Gangara fa?" Ya raba abin da aka ba shi gaba ɗaya ga masu ajiya, bai riƙe ko na hayar wata mangazar ba. Da aka raba, mai buhu tara ya tashi da kuɗin buhu ɗaya da 'yan kai. Ya ƙulla na Yaya a leda ya ba ni. Sai a ran nan, bayan komai ya zama toka, ya buɗe baki ya ce, "Ka kai wa Hajo." Shekara uku ina tare da shi, ran nan ne na fara jin ya ambaci sunan mai ajiya.

Na dawo gida ana zafin bazara. Abin da na tara duka na haɗa a Maraɗi na sayi rago, don in mayar mata da nata. Na shiga gidanta ina jansa kamar wanda ya yi abin kirki. Tana zaune gindin bedi tana ɓarar gyaɗa. Labarin wuta ya riga ni isowa, amma ba ta san zancen takarda ba. Na zauna a ƙasa na faɗa mata duka, shafin, da Patoro, da abin da Alhaji ya ce, da jan zaren a hannun mai tabarau. Na ce mun rufa mata asiri ne.

Ta daina ɓara.

"Wane asiri?"

"Sunanki, Yaya. Kada a san kin aika da kaya."

"Idi." Rabon da ta kira ni da sunana tun kafin in yi rawani. "Da rana tsaka aka ɗora buhunan nan a bakin tasha. Mai shayi ya ƙirga su, mai faci ya ƙirga su. Shekara biyu duk Cadawa na ganina cikin ƙura kamar kurege. Wa na ɓoye ma?"

"Al'ada ce, Yaya. Akwai waɗanda ba su so."

"To a tambayi waɗanda ba su so, su ce ba su so. Ni wa ya tambaye ni? Maza uku kun tsaya a kan ayata, ɗaya na sauri, ɗaya na kunya, ɗaya na ladabi. Ka kira ni a waya. Na baro tuwo a wuta na zo da gudu. Mi ka tambaye ni?"

Na juya na dubi ragon.

"Mi ka tambaye ni, Malam?"

"Akuya."

"Akuya," in ji ta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce a ɗaure ragon a inuwa, a ba shi ruwa, shi bai yi laifin komai ba.

Amalanken sai bayan shekara huɗu aka saye shi, kuma wuyanta bai ƙara miƙewa ba har ta koma ga Allah. Wannan kai ka gani, Laminu, kana ce mata kaka mai kallon gefe.

To ga ku nan, an gama yankan gero, kun ɗaure jakunkuna. Ba zan ce kada ku je ba. In an miƙo muku takarda daga kan babur, ku ce a kashe babur. In ana yanke magana a kan kayan wani, ku nemo mai kayan, ko da kuna ganin kun san abin da zai ce. Yanzu kowa da salula a aljihu, ba ku da ko uzurin da na yi ƙarya da shi.

Wani abu na so in ƙara... e. Kakar da ta biyo baya, Yaya ta sake tankaɗe buhu huɗu. Ta aiko aka kira ni. Na tarar ta jera buhunan a tsakar gida, ta dama shuni a kwano, ta fasa kara ta yi alƙalami mai kauri kamar yatsa.

Na ce, "Jan zaren fa?"

Ta ce, "Zare ba ya magana. Rubuta. Da ajami da boko, yadda mai tabarau zai gani ba sai ya tambayi kowa ba."

Na durƙusa na rubuta Hajo, Cadawa. Ta zagayo ta duba, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

"Ƙara girma," in ji ta. "Juya buhun, ka sa a bayan ma."